Zauren Iyaye: Ɗan Zango a Ajin Dagbani



A watan Oktoba na 2025 ministan ilimi na Gana, Haruna Iddrisu, wakilin Tamale ta Kudu a majalisa, ya ba da umarni a riƙa koyar da ƙananan yara da harshen uwa. Mun yi murna, amma murnarmu da saura. Wasu harsunan gida ne kawai gwamnati ta ware wa makarantu, ciki har da Dagbani da Gwanja da Kasem, kuma Hausa ba ta ciki. Ke nan yaron Zangon Tamale, wanda da Hausa aka raine shi, baƙo ne sau biyu a aji: ga Dagbani, ga Turanci.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Dagwamba masu masaukinmu ne, surukanmu ne, kuma iya harshensu arziki ne ga 'ya'yanmu. Damuwarmu ita ce yadda aji ke karɓar yaron da harshensa bai faɗa ba tukuna. Mun ga wata 'yarmu mai kaifin basira da ta karya Dagbani a gaban allo, yara suka fashe da dariya, malami ma ya taya su. Tun daga ranar ba ta ƙara ɗaga hannu ba. Ciwon ciki ya riƙa kama ta kowace safiya, sakamakonta ya yi ƙasa, mu kuwa a gida muna ta yi mata faɗan lalaci. Sai da ta koma hannun wata malama mai tambayar kowane yaro sunan abu a harshen gidansu, sannan bakinta ya buɗe.

Masana ma sun lura da haka. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan makarantu 66 na ƙasar Beljiyam ya nuna cewa inda makaranta ke mutunta al'adun ɗalibanta, tazarar maki tsakanin 'ya'yan baƙi da 'yan ƙasa takan ragu. Inda kuwa aka kau da kai daga bambancin, kamar babu shi, sai ta ƙaru.

To, mu ma fa laifi tudu ne. A makarantunmu na Islamiyya, waɗanda da yawansu ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da gwamnati ta kafa a 1987, yaya muke yi da ɗan Bafillace da ya zo daga ruga? Wane suna 'ya'yanmu suke kiransa da shi, kuma a bakin wa suka fara jin sa?

Idan taron iyaye da malamai ya zo, kada mu tsaya ga kuɗin gyaran aji kawai. Mu tambayi shugaban makaranta: shin ana hukunta yaro don ya yi harshen gidansu? Wa yake tsawatarwa in an yi wa yaro ba'a da ƙabilarsa? Iyaye mata su ma su halarta, domin su ne ke fara ganin yaron da ya soma ƙin saka kayan makaranta.