Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Kunyarmu Da Mai Robar Fitsari

A darasin al'ada muna yaba wa Bahaushe kan iya sakaya zance. Fitsari ya zama "bawali" ko "kama ruwa", al'aura ta zama "gaba". Ni ma ina cikin masu yabon, har zuwa lokacin da na yi jinyar baffana a Jama'are. A nan na gane cewa sakayar da ke ƙawata hira a zaure tana iya cutar da majinyaci a gaban likita.

Baffa manomin fadama ne a bakin kogin Jama'are. Ya daɗe yana ganin jini a fitsari bai faɗa ba, domin a wajenmu ana ɗaukar hakan tsargiya ce kawai, abin da yaran da ke wanka a kogi suka saba da shi. Alhali tsargiyar da ta daɗe ba magani tana cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin mafitsara. Da abin ya ci tura muka kai shi Azare, daga nan aka tura mu babban asibiti mai na'urar gashi. Irin waɗannan na'urori ba su da yawa a Arewa, shi ya sa mutanenmu suka saba da doguwar tafiya zuwa wurare irin su Shika ta Zariya da Abuja. Bayan makonni ana gashi, muka dawo gida da robar fitsari a jikinsa.

Daga nan sabuwar wahala ta fara. Yana zaune sai ka ga ya dafe mara, gumi na karyo masa, zaninsa ya jiƙe duk da robar tana nan. In na ce, "Baffa, me ke damun ka?" sai ya ce, "Ciki ne, ɗan nan, zai wuce." Kunya ga ta, filako ga shi. Muka yi ta ba shi jiƙe-jiƙen ciwon ciki. Ya daina zuwa masallaci, ya rage shan ruwa don kada fitsari ya yawaita.

Ranar da muka koma asibiti, wani ma'aikacin jinya ya tambaye shi kai tsaye da Hausa: "Baba, kana jin mararka tana murɗawa kamar fitsari ya matse ka, sannan ya zubo ta gefen roba?" Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne." Da tambaya ɗaya aka gano abin da muka yi makonni muna lalube.

Ga bayanin da aka yi mana. Mafitsara jaka ce ta tsoka. Gashi yana kashe ƙwayoyin daji, amma yana sa fatar cikinta ta yi rauni ta kumbura, kuma hakan kan bayyana lokacin gashin ko bayan watanni, har ma shekaru. Ita kuwa roba tana da 'yar balan-balan a bakinta, wadda ake cikawa da ruwa, galibi mililita 10, don kada ta zame. Mafitsara mai rauni sai ta ɗauke ta baƙon abu, ta riƙa matsewa don ta fitar da ita. Murɗawar ke nan.

Aka ce ya riƙa shan ruwa kamar lita 2 a yini in likita bai hana ba, domin fitsari mai kauri yana ƙara zafi yana kuma toshe roba. Ya rage goro da shayi da kofi da yaji. Ya guji taurin bayan gida, don cikakken hanji yana danne mafitsara. A manne robar a cinya kada ta riƙa jan sa, kada ta lanƙwashe, jakar kuma ta kasance ƙasa da mara kullum. A wanke hannu kafin a taɓa ta, a canza ta a kan lokaci: wata kamar mako 4, wata har mako 12. Likita ya rubuta masa ƙwayar da ke sassauta tsokar mafitsara, ya ce takan busar da baki. In fitsari ya daina sauka a jaka, ko aka ga gudan jini, ko zazzaɓi ya zo, a garzaya asibiti, kada kowa ya ja robar a gida.

Batun salla kuwa, da muka tambayi malami sai ya ce fiƙihun Malikiyya ya daɗe da yin bayani kan mai yoyon fitsari, kuma akwai rangwame ga wanda lalurar ta lazimta. Baffa ya koma sahu, jakarsa a ɗaure a ƙafa cikin wando, babu wanda ya sani.

Wani zai ce kunya ado ce, in muka yar da ita me ya rage mana? Ban ce a yar ba. Cewa na yi kowane zance da muhallinsa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malaman fiƙihu sun karantar da babin tsarki da Hausa shekaru aru-aru ba tare da batsa ba. Me zai hana a yi haka a fannin lafiya?

A nan ne aikin ya faɗo kanmu. Tun daga ƙamusun Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ana tara kalmomi, amma aikin bai ƙare ba. Hausa ta bambanta zogi da raɗaɗi da suka da murɗa da zafi, kuma kowanne yana nuna wa likita wani abu daban. Ina kira ga masu neman batun kundin digiri su shiga asibitocin Azare da Jama'are, su zauna da ma'aikatan jinya, su tattara yadda majinyata ke bayyana ciwo, su fito da 'yan takardu cikin boko da ajami waɗanda za a riƙa ba mai roba ranar sallama. In kuma akwai mai jinya a gidanku, ku tambaye shi a keɓe, da kalmar da ta dace, cikin ladabi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.