Juji, Leda da Kacalla a Ƙasar Haɗejiya

Tun kafin masana a Turai su fara kiran a daina ɗabi'ar a saya, a mora, a yar, a koma ga tsarin da ragowar kowane abu za ta zama asalin wani, talakan Haɗejiya ya riga ya san wannan hikima a aikace. Juji a da dukiya ne, domin da rani ake lodarsa a mangala, jakuna su kai gona, toka da kashin awaki su ruɓe su zama taki. Karan dawa ya zama danga, dusa ta tafi ga tumaki, ƙwarya kuwa in ta tsage sai a kai wa gyartai ya ɗinke. Malamai suna hani da israfi a majalisin karatu, talauci kuma yana taya su a gida.

Leda ce ta warware wannan nizami. Manomin da ya kai juji fadamarsa yau, rabin abin da ya ɗauko ledar fiya wata ce da robar lemo, waɗanda ƙasa ba ta ci, akuya kuwa ta haɗiye su, su cushe mata tumbi har ta rame ta mutu. Abin da ya saura a gari shi ke toshe magudanai, a ƙasar da ta ɗanɗana ambaliyar 2020 da ta 2022 ba ta manta ba.

Amma babban almubazzaranci, a ra'ayinmu, yana cikin kogin Haɗejiya kansa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani kamar yadda aka saba, sai ciyawar kacalla ta sami wurin zama, ta cika hanyoyin ruwa har zuwa Marma da Nguru, ta hana masunta jefa koma, ta karkatar da ruwa zuwa gonakin da ba su nema ba, ta kuma zama masaukin jan baki mai cinye shinkafa. Shekara da shekaru ana kashe kuɗi a sare ta, a tara a bakin gaɓa, a cinna mata wuta, alhali matan garin suna sayen itace da tsada, sauran bishiyoyin daji kuma suna ƙarewa. A Rosso ta ƙasar Muritaniya, a bakin kogin Senegal, irin wannan ciyawa ake busarwa a mai da ita gawayin girki. Ƙaiƙayin shinkafa da ke tule a bayan injinan casa ma haka yake jiran mai saye.

Ruwanda ta haramta leda tun 2008, mu kuwa ba mu ga maslaha a dokar da babu mai iya tsare ta a kasuwa ba. Abin da ke aiki a nan shi ne farashi: babu wanda ya taɓa umartar 'yan gwangwan su tsince ƙarfe, amma ga shi ba ya kwana a titi. Don haka muke kira ga gwamnatin Jigawa da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, tare da shawarar masarauta, su kafa wuraren awo a Haɗejiya da Auyo da Guri, inda za a sayi leda da busasshiyar kacalla a kan kilo, su kuma ba samari rancen injin narka roba da na curin gawayi tun damina ba ta faɗi ba.