Yaranmu Masu Karatun Likita Sun Gaji, Ku Tashi Mu Tallafe Su

'Yan uwana mutanen Konni, da na Malbaza, da na Illela, ku saurara! Yaran da muka tura karatun likita sun gaji. Wasu suna Yamai a Jami'ar Abdu Mumuni, wasu Maraɗi, wasu Damagaram, wasu sun tsallaka iyaka suna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tun ba su gama ba muke kiransu "Dokta", muna tinƙaho da su a majalisa. To, yaushe rabon da mu tambaye su ko suna samun barci?

Ku dubi yininsu. Da safe zagayen marasa lafiya, da rana aji, da dare kwanan asibiti, a tsaye har kiran assalatu. Yaron da bai fi shekara ashirin da uku ba ya ga jariri ya cika a gabansa, ya wanke hannu, ya shiga jarrabawa. Haka shekara da shekaru!

Wannan gajiya sananniya ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana alamominta uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, mutum ya ga ba ya tsinana komai. A 2016 mujallar likitoci ta JAMA ta tattara bincike kan ɗaliban likita daga ƙasashe sama da 40. Ɗalibai 27 cikin 100 suna da alamun ciwon damuwa, 11 cikin 100 sun taɓa tunanin kashe kansu. Cikin masu damuwar, kusan 16 cikin 100 kaɗai suka nemi magani. Sauran sun yi shiru.

Kuma kayan ba ɗaya ba ne a kan kowa. Ɗan ƙauyenmu ya isa Yamai, darasi da Faransanci, mara lafiya na yi masa bayani da Zabarmanci, ba shi da kowa a garin. 'Ya mace kuwa nata ya ninka. Ta fito kwanan asibiti idanu jawur, waya ta yi ƙara: "Sa'o'inki duk sun haihu, ke sai yaushe?" In tana da aure, tukunya da goyo na jiranta. A asibiti kuma wani ya dube ta da farar riga ya ce ta kira masa likita. Haba jama'a! Mu ne fa muke kukan babu likita mace da za ta duba matanmu.

Saboda haka ku tashi!

Baba, kira ɗanka yau. Kar ka fara da sakamakon jarrabawa. Tambaye shi ya ci abinci? Ya yi barci? In ya ce ya gaji, kar ka ce masa "namiji ba ya gajiya". Saurare shi.

Inna, gwaggo, ku ɗaga wa yarinyar nan ƙafa kan zancen aure. Ku yi mata addu'a, ku bar ta ta gama. Maigida, in matarka ɗaliba ce, ɗauki yaro ta runtsa.

'Yan kasuwa, manoman albasar Galmi, direbobin hanyar Yamai, ku aika! Jaka biyu, mudun gero, ƙullin kilishi, kujera ɗaya kyauta ranar hutu. Ku daina tura wa ɗalibi kowane mara lafiya na dangi ya nema masa gado da magani daga aljihunsa. Ɗalibi ne, ba shi da albashi.

Malamai, ku faɗa a huɗuba cewa neman maganin damuwa ba raunin imani ba ne. Likitocinmu na Konni da na asibitin Galmi, ku da kuka bi wannan hanya, kowa ya riƙi ƙane ɗaya ko ƙanwa ɗaya.

Ku kuma ɗalibai, ƙannena, ku kula da juna. Wanda ya daina zuwa aji, ya rufe ɗaki, ya daina ɗaga waya, ku ƙwanƙwasa masa ƙofa. In ya ambaci mutuwa, kar ku bar shi shi kaɗai, ku raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a ranar. Kar ku jira gobe, ku kai shi yau!