Mai gudun fanfalaki da wanda ke riƙe masa agogo

Wanda ya kalli Eliud Kipchoge yana cinye kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019 zai ce baiwa ce kawai. Baiwar na nan, ban musa ba, amma ni Patrick Sang nake kallo. Sang ya ci azurfa a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992, kuma shi ke horar da Kipchoge tun yana saurayi, har zuwa sansaninsu na Kaptagat a Kenya. Abin da matasa ba su gane ba, babban aikin mai horarwa shi ne tsawatarwa. Ɗan gudu kullum ji yake zai iya ƙari, ko da gwiwa na kuka. Mai horarwa ne zai ce yau sassarfa kaɗai, gobe hutu, don sai a lokacin hutu jiki ke gyara abin da gudu ya ɓata. Agogon hannu zai ƙirga maka bugun zuciya, amma ba zai ga ka fara ɗingishi ba. Saurayi, kafin ka sayi takalmi mai tsada, nemi wanda zai iya ce maka tsaya.