Mutuwar danjar birki ba tsautsayi ba ce

Duk lokacin da bidiyon haɗarin mota ya faɗo Facebook ko TikTok, ka duba sharhin da ke ƙasa: "Allah ya kiyaye gaba", "tsautsayi ba ya wuce ranarsa". Addu'a tana da kyau. Amma in ka ga ƙaramar mota ta shige ƙarƙashin gingimari ta baya, akwai tambayar da ya kamata ka yi kafin ka tura wa wani: danjar birkin babbar motar nan tana kamawa kuwa?

Ka ɗauki hanyar Katsina zuwa Jibiya, har yankin Magama da Mazanya a bakin iyakar Nijar. Tun da Najeriya ta sake buɗe iyakarta a watan Maris na 2024, bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin Nijar na 2023, tsofaffin DAF da Marsandi 911 ke ta jigilar kaya ta wajen. Hanya ce mai yawan shingayen bincike, direba yana taka birki a kai a kai. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Idan babu jar wuta a gabanka, ga dare ga ƙurar hunturu, kafin idonka ya gane gingimari ta tsaya ka riga ka iso.

Abin haushin shi ne gyaran ba wani abin a zo a gani ba ne. Mutum biyu sun isa: ɗaya ya taka birki, ɗaya ya tsaya a baya yana kallo.

Idan gefe ɗaya ne ya mutu, a fara da ƙwan fitilar. Manyan motoci da yawa wutar bolt 24 suke amfani da ita, in aka sa musu ƙwan ƙaramar mota mai bolt 12 nan da nan zai ƙone. Idan ƙwan lafiya lau ne, a goge tsatsar mazauninsa.

Idan duka biyun ne, a duba fiyus. Nan ake yin ganganci mafi muni: fiyus ya ƙone, sai a cusa guntun waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa. Fiyus ɗin da ke ƙonewa a kai a kai faɗa maka yake wata waya ta kwaye tana taɓa ƙarfe. Ka rufe masa baki, wayar ce za ta ɗau zafi, a motar da ta yi lodin buhuna. In fiyus bai ƙone ba, sai makunnin birki: a wasu motocin yana jikin abin takawa, a masu birkin iska kuma matsin iskar ne ke kunna shi. In ya maƙale, danja ba ta mutuwa, batir ya kwana yana zuba.

Saura wayar da masu rewaya ke kira at, wadda ke ɗaure a ƙarfen jikin mota. Alamarta ba ta ɓuya: an taka birki, sai wutar ta yi dishi-dishi ko sigina ta kama tare da ita. Tsatsa ce ko sakin noti. A kankare, a ɗaure, shi ke nan.

Za ka ce kai ba direba ba ne. To, amma wa ke yaron mota? Wa ke lodi a tasha, wa ke bin bayan motocin nan a kan babur? Mu ne, matasa. Na san direba zai ce kuɗin mai da na hanya sun cinye ribar, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai kuɗin ƙwai da fiyus bai kama ƙafar kuɗin dizal na tafiya ɗaya ba, kuma wanda zai biya bashin sakacin yana cikin motar baya, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Shugabannin NURTW da NARTO a tashoshi suna iya mai da shi ƙa'ida: ba a tashi sai an taka birki an gani. Jami'an FRSC da VIO su ma su riƙa zagayawa bayan mota, kada a tsaya ga takardu kawai.

Kai kuma da ke riƙe da waya, je garejin unguwarku ka roƙi mai rewaya ya nuna matakan nan a bidiyon minti ɗaya, da Hausa, ka ɗora. Ya fi hoton gawar ɗan wani amfani. In kuma yau da dare ka ga gingimari ta rage gudu babu ja a bayanta, ja da baya tukuna, in ta tsaya ka faɗa wa direban. Daga inda yake zaune ba ya ganin bayansa.