Hannun da ya dafa kai, shi zai nuna hanyar likita

Mu nan ƙasar Gangara mun san darajar hannu. Ranar da za a naɗa liman, manya ne ke ɗaura masa rawani da hannunsu, su yi masa addu'a. Ƴan'uwanmu Kirista na Maraɗi su ma ɗora wa fasto hannu suke yi ranar naɗinsa. In yaro ya kwanta, malam kan dafa kansa, ya yi tofi, hankalin uwa ya kwanta. Ba mu raina wannan ba. Annabi (SAW) yakan shafi maras lafiya da hannun dama, kuma shi ne ya umurce mu da neman magani.

Abin da ke damunmu shi ne jinkiri. Daga watan Yuli zuwa Oktoba sauro ke yawa, lokacin kuma kowa na gona. Yaro ya fara jijjiga, sai a ce iska ce, a kwana biyu ana shafa da turare. Alhali masassarar cizon sauro in ta yi tsanani tana iya kashe ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya.

Wani zai ce likita da nisa, ga noma, ga rashin kuɗi. Gaskiya ne. Amma tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin magani ga yaran da ba su kai shekara 5 ba, ko da yake wani lokaci magani kan yanke. Gwajin jini kuwa bai wuce minti 20 ba. Noman yini ɗaya ana rama shi, rai ba a rama shi.

Don haka muna roƙon malamanmu: hannun da kuka ɗora a goshin yaro shi ne ya fara jin zafin jikinsa. In kun ga jijjiga, ko suma, ko yawan amai, ko ƙin nono, ko tafin hannu ya yi fari, ku yi addu'a a gaggauce, ku ce wa uban ya ɗaura amalanke. Maganarku ta fi tamu nauyi. Ku kuma wanke hannu da sabulu bayan taɓa kowane maras lafiya.

Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Allah ya raya mana ƴaƴanmu, amin.