Kujerar Jirgin Ruwa Ba Wurin Gyaran Ganganci Ba Ce

Abin da ke ɓata mini rai da wasu masu jiragen ruwa shi ne yadda suke yi in ramin sukurun kujera ya cinye, sukurun na juyawa ba ya kamawa. Sai a cusa tsinken ashana, ko a ɗaura wani sukurun da ya fi na da kauri, a ce an gama. Ba a gama ba. Sau da yawa ramin ya buɗe ne saboda ruwa ya shiga katakon ƙasan jirgin ya fara ruɓar da shi, kuma ruɓaɓɓen katako ba ya riƙe ƙarfe. A faɗaɗa ramin har a tarar da lafiyayyen katako, a bari ya bushe sarai, domin gam ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Sannan a kwaɓa gam ɗin epoksi da dusar katako a cike, a ba shi kwana guda, a huda sabon rami ƙarami, a sa sukurun da ba ya tsatsa. In hannu na kaiwa ƙasa, noti da washa sun fi. Matuƙan Yawuri da Kainji, don Allah ku girgiza kowace kujera kafin fasinja ya zauna.